Kano zuwa Legas a mota kai kaɗai: ta Lokoja ko ta Jebba?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: kana da hutun mako biyu, za ka tuƙa motarka kai kaɗai daga Kano zuwa Legas, kana so ka buɗe ido, ka kuma leƙa abokan karatu da ke Abuja, Ilori, Ibadan da Agege. Wace hanya ta fi? A taƙaice, ka tafi ta Lokoja ka dawo ta Jebba. Ga dalili.

Daga Kano har mahaɗar Dikko, gab da Suleja, hanyar ɗaya ce: Zariya, Kaduna, Tafa. A nan ake rabuwa. Mai bin Lokoja ya miƙe ta Zuba, Gwagwalada, Abaji, Koton Ƙarfe, ya haye kogin Kwara a gadar Murtala da ke Jamata, sannan Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan. Mai bin Jebba ya karya dama zuwa Lambata, Lapai, Agaie, Bida, Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomoso, Oyo, Ibadan. Daga Ibadan kuma sun sake haɗuwa a babban titi mai kimanin kilomita 127. Akwai tsohuwar hanyar Birnin Gwari da Tegina wadda ta fi duka kusa, amma mutum ɗaya a ƙaramar mota ya cire ta daga lissafi sai in direbobin tasha sun tabbatar masa da lafiyarta a wannan makon.

Ta Lokoja tafiyar ta kusa kilomita 1,200, ta Jebba kuwa ta gaza haka da kamar kilomita 100. Kada wannan ragin ya ruɗe ka. Hanyar Lokoja tagwaye ce a mafi yawan tsawonta har Lokojan, ga gidajen mai da makanikai a kusan kowane gari. Hanyar Jebba ita ce ta tankoki da tireloli masu ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa. Daga Lambata zuwa Bida, da kuma tsakanin Ogbomoso da Oyo, tirela ɗaya in ta lalace ta tokare hanya, kana iya shafe awa uku a wuri guda. Kilomita 100 da ka yi zaton ka ci riba, a nan za ka biya su har da ƙari. Kuma in ka tarar da tanka ta faɗi, kada ka tsaya kallo, juya ka yi nisa. Abin da ya faru a mahaɗar Dikko a Janairun 2025, inda wuta ta cinye masu kwasar mai da dama, ya isa darasi.

Damina tana taɓa kowacce. A 2012 da 2022 ruwa ya shanye titin Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Satumba da Oktoba ne lokacin, sa'ad da Kwara da Binuwai suke cika. Mokwa kuma ambaliyar ƙarshen Mayun 2025 ta hallaka sama da mutum 150. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiyar ta fi daɗi, sai dai hazon hunturu da sassafe, wanda ke sa ka kunna fitila ka rage gudu.

Wajen abin kallo, Lokoja ta fi yawa. Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, a bakin titi yake a Madalla, ba sai ka karkata ba. Lokoja kanta ta cancanci kwana guda cur. Hau tsaunin Patti da hantsi ka hango inda Kwara da Binuwai suka haɗu. A garin ne Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a ranar 1 ga Janairun 1900, kuma nan Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu a can ya rasu a 1926, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a can ya ƙare kwanakinsa. Bakano ya wuce Lokoja bai nemi wanda zai kai shi kabarin Alu ba, gaskiya ya yi asara. Tambayi dattawan unguwar Hausawa, za su haɗa ka da yaro ya raka ka. Gaba kuma akwai duwatsun Idanre kusa da Akure, matakala sama da 600 kafin ka kai tsohon garin da ke bisa, don haka ka fara da sanyin safiya da gorar ruwa biyu. Tsakanin Akure da Ilesa akwai magangarar ruwa ta Erin-Ijesha mai hawa bakwai. Duwatsunta na da santsi, takalmi mai roba a ƙasa ake sawa.

Jebba ba ta da yawan wuraren, amma nata na hannu ne, abin da za ka saya ka kawo gida. Magangarar ruwa ta Gurara na kan hanyar Suleja zuwa Minna, ta fi kyau in ruwa ya cika. A Bida ka nemi unguwar Masaga, inda ake narka kwalabe a yi tsakiya da awarwaro, da maƙeran tagulla masu tire da buta. A Jebba ga gadar Kwara, ga dutsen Juju tsaye a tsakiyar ruwa, ga hasumiyar tunawa da Mungo Park, Baturen da ya yi yawon binciken kogin Kwara. In ka sauka Ilori, Esie ba nisa: gidan tarihin da aka buɗe a 1945, na farko a Najeriya, cike da ɗaruruwan mutum-mutumin dutse.

Batun abokai shi zai tsara maka zango, ba taswira ba. Mai tuƙi shi kaɗai kada ya wuce kilomita 400 zuwa 450 a yini, ya tashi bayan asuba, ya sauka kafin la'asar sakaliya. Tafiya: Kano zuwa Abuja, kwana biyu wajen aboki, Abuja zuwa Lokoja, kwana ɗaya a otal, Lokoja zuwa Akure, otal, Akure zuwa Ibadan, aboki, sannan Legas. Dawowa: Legas zuwa Ilori, aboki, Ilori zuwa Bida, otal, Bida zuwa Abuja ko Kaduna, sai gida. Ka ga kowa ya samu rabonsa ba ka maimaita hanya ba sai inda hanyoyin biyu suka haɗe.

Sanar da kowane aboki mako guda kafin ka taso, ka faɗi ranar zuwa da ranar tafiya. Abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya shi ne hira: an daɗe ba a haɗu ba, a kai ƙarfe biyu na dare, gobe ka hau titi da gyangyaɗi. Daren da za ka tashi da safensa, ka nemi uzuri ka kwanta da wuri. A Legas da Abuja mutane da yawa ɗaki ɗaya ko biyu gare su da iyali. Tambayi mai gida kai tsaye ko akwai wurin kwana da wurin ajiye mota, in ya yi jim, kama otal kusa da shi ku yini tare. Tsaraba kuwa kilishi da dambun nama da alkaki sun fi, don ba sa lalacewa a zafin but. Fura da nono ba za su kai Abuja lafiya ba. Ka tuna kuma a mazhabar Malikiyya in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a gari, ƙasaru ta yanke.

Shirin mota ɗaya ne a duka biyun. Canza baƙin mai, duba birki da bel da ruwan lagireto. Duba lambobi huɗu da ke gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar ƙira. Wadda ta haura shekara huɗu 'yan Road Safety na ɗaukarta ta ƙare, kuma ita ce ke fashewa a zafin kwalta. Safaya mai iska, jak, abin kashe gobara, alwatikan gargaɗi, lasisi, inshora da sauran takardun mota, da izinin baƙin gilashi in kana da shi. Shingaye sun fi yawa daga Okene zuwa Owo, takarda ɗaya da ta ƙare za ta ci maka awa. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci kusan lita 120 a zuwa kawai. A hanyar Jebba kada tanki ya sauka ƙasa da rabi, cika shi a Bida da Ilori. Riƙe kuɗi a hannu, don sabis na ɗaukewa a wasu wuraren. Lambar Road Safety 122 ce, ta gaggawa 112, kuma ka tura wa mutum ɗaya a gida inda kake a kowane zango.

Shiga Legas ka yi ta tsakanin ƙarfe goma na safe da azahar, kuma ka kauce wa Juma'ar farkon wata, ranar da taron coci a sansanonin da ke bakin titin Ibadan ke cushe hanya tun daga Mowe har gadar Kara. In abokinka na Agege zai iya, ya tare ka a Berger, mashigar Legas, ya shiga gaba ka bi shi.