Kayan Auna Miƙewar Roba a Ɗakin Gwajin Fiziks: Wanne Ya Kamata a Saya?

Kafin a kashe ko sisi, a fara sanin halin abin da za a auna. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ta ce miƙewa tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja abu da shi, kuma sifirin na ƙarfe yana bin ta muddin ba a wuce iyakarsa ba. Roba kuwa, wato zoben roba irin wanda ake ɗaure kaya da shi, ba ta bi. Da farko takan yi ɗan tauri, sai ta saki jiki, sannan ta sake taurarewa idan ta kusa ƙurewa. Idan ana rage nauyi ma, ba ta komawa ta hanyar da ta zo: da nauyi iri ɗaya, tsawonta a lokacin saukewa ya fi na lokacin ɗorawa. Kayan da ba za su nuna wannan bambanci ba, ba su cancanci kuɗinsu ba.

Hanya mafi aminci ita ce jerin nauyi masu tsaga da ake jerawa a kan ƙugiya. Saitin da aka fi samu shi ne ƙugiya mai giram 100 da faifai tara, kowanne giram 100, jimilla kilo ɗaya. Da niyuton ake auna ƙarfin ja, kuma kowane faifai yana ja da ƙarfin niyuton 0.98, wato kusan ɗaya, don haka lissafi yana da sauƙi. Amfaninsu shi ne ƙarfin ba ya motsi, kuma roba tana bukatar haka, domin takan ci gaba da miƙewa a hankali bayan an ɗora mata kaya. A tsayar da lokaci guda, misali daƙiƙa 30, a riƙa jira kafin kowane karatu. Idan robar siririya ce, matakin giram 100 ya yi faɗi, lanƙwasar farko ta layin da ake zanawa na ƙarfi da tsawo za ta ɓace tsakanin karatu biyu. Gara a haɗa da saitin giram 50 ko 10. A ɗora kowane faifai a sikeli kafin a karɓa, domin masu araha sukan saɓa wa lambar da aka buga a jikinsu. Tagulla ta fi baƙin ƙarfe, saboda ba ta tsatsa.

Ma'aunin sifirin da ake riƙewa a hannu yana jan hankali saboda sauƙin ɗauka, amma a wannan aiki shi ne mafi rauni. Hannu yana rawa, robar tana saki, allurar tana zamewa, ga shi ana son duba rula a lokaci guda. Idan dole ne a saye shi, a ɗauki mai niyuton 10 wanda ke da noti na gyara sifili, kuma a sake gyara sifilin duk lokacin da aka kwantar da shi, domin a tsaye aka daidaita shi.

Na'urar auna ƙarfi mai haɗuwa da kwamfuta, irin ta kamfanin Vernier ko PASCO, tana ɗaukar karatu da yawa a daƙiƙa guda, kuma ita ce ke fitar da layin ɗorawa da na saukewa sarai. Filin da ke tsakanin layukan biyu shi ne kuzarin da ya koma zafi a jikin robar. Sai dai ƙarfi kawai take aunawa. Tsawo kuma sai an ƙara na'urar auna motsi ko a koma ga rula, kuma mutane da yawa ba sa lura da wannan sai kaya sun iso. Ga ajin da ke koyon tushe, kuɗin na'ura ɗaya ya fi amfani idan aka raba shi a sayi saitin nauyi da yawa, kowane rukuni ya taɓa da hannunsa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ginshiƙin da ake rataye robar a kai da rula. Roba za ta iya ninka tsawonta sau uku ko fiye, don haka a nemi sanda mai mita ɗaya da gindi mai nauyi, a kuma sayi matsi na ɗaure gindin a jikin tebur. Rular mita a ɗaure ta a tsaye kusa da robar, kada a riƙe ta a hannu. Ta katako takan lanƙwashe idan ta sha laima, bakinta kuma yana cinyewa, saboda haka kada a fara karatu daga ƙarshenta. Ɗan allura da aka maƙala a ƙugiya yana hana kuskuren kallo daga gefe. A ɗauki tsawon robar da ƙugiya kaɗai a rataye a matsayin mafari, domin zobe marar kaya a lanƙwashe yake.

Ita robar kanta, a sayi fakiti guda mai girma iri ɗaya maimakon gauraye. Da lamba ake nuna girman zoben roba: lamba 32, mai tsawon kusan santimita 7.6 da faɗin milimita 3, ta dace da saitin kilo ɗaya. Lamba 64 ta ninka ta faɗi, don haka tana son nauyi mai yawa kafin ta nuna halinta. Robar ɗinki mai lulluɓin zare ba ta dace ba, domin zaren ne ke tsayar da miƙewar. A tuna cewa zobe igiya biyu ne. Idan aka yanke shi aka rataye yanki mai tsawo ɗaya da zoben, zai miƙe fiye da shi sosai. Sabuwar roba ta fi tauri a jan farko, sai a ja ta sau biyar ko shida kafin a fara rubuta sakamako. Hasken rana da iska suna busar da ita har ta tsattsage, saboda haka a adana ta a leda mai rufi cikin duhu. Zafi ma yana taɓa ta: robar da ke miƙe tana tsukewa idan ta ɗumama, don haka a nisanta ta da fitila ko taga.

A cikin lissafin sayayya a sa tabarau na kariya ga kowane ɗalibi, da tire na yashi da za a ajiye a ƙarƙashin nauyin, saboda roba ba ta yin gargaɗi kafin ta tsinke.