Fitilar tsohuwar Hilux ta mutu: ƙwai za ka saya, makunni ko rile?

Mai tsohuwar a-kori-kura da fitilarsa ta fara wasa yakan nufi kasuwar kayan gyara irin ta Ƙofar Ruwa ko Panteka da niyyar sayen ƙwai mai ƙarfi. Sau da yawa ba a ƙwan matsalar take ba, kuma ƙwai mai ƙarfin shi ke ƙarasa kashe makunnin. Kafin ka ciro kuɗi, bar motar ta nuna maka inda take ciwo.

Idan gefe ɗaya ne ya mutu, dubi ƙwan, soket ɗinsa, da fis ɗin wannan gefen, domin tsofaffin Hilux na raba fis biyu, hagu da dama, galibi mai amfiya 10. Idan dim ya mutu a duka gefen biyu amma ful na kamawa, ko akasin haka, zargi makunnin da ke jikin sitiyari. In babu dim babu ful, koma kan rilen fitila, wato ɗan makunnin lantarkin da ke sakar mata wuta, da babban fis. In kuwa ƙwai ne ke yawan ƙonewa, auna batir injin na aiki: ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Ya haura 15, altaneta ce ke cin ƙwan, ko nawa ka sa za ta cinye.

Fitilar da ke ci amma haskenta ja-ja, mitar auna wuta ce ke warware ta. Tada inji, kunna fitila, auna wuta a kan batir, sannan ka auna a ƙafafun ƙwan yana ci. Bambancin bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne ka tarar bolt ɗaya da rabi ya ɓace a hanya, a cikin tsatsar mahaɗai da bakin makunni. Ƙwan halojin ba ya yafe wannan: wuta ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haske ya ragu da kusan kashi 30.

Dalilin da makunni ke ƙonewa a waɗannan motoci yana cikin tsarin wayarin Toyota na wancan zamani. Wuta na zuwa ƙwan daga rile, makunnin dim da ful kuma shi ke mayar da ita jikin mota. Wato duk abin da ƙwai biyu suka ja, ta cikin ɗan bakin tagullar nan yake bi. Ƙwan H4 na asali, wato mai zare biyu na ful da dim, mai wat 60/55 ne, yana jan kusan amfiya 5, biyun su kusan 10. Ka sa mai wat 100/90, biyun za su ja amfiya 15 ko fiye. Bakin makunnin ya yi zafi, robar da ke riƙe shi ta narke, soket ya yi baƙi. In ka ji warin roba daga ƙasan sitiyari da dare, ko sai ka jijjiga sandar kafin fitila ta kama, an kusa zuwa nan.

Don haka ƙwai mai wat 100 ba abin saye ba ne ga motar da wayarinta na asali ne. Sayi 60/55 na kamfanin da aka sani, irin Osram, Philips ko Koito, guda biyu tare. Masu shuɗin gilashi kwalliya ce, fentin rage haske yake yi, kuma a hazon hunturu farin haske mai shuɗi ya fi dawo maka ido. Kada ka taɓa gilashin da yatsa wajen sawa, maiƙon hannu na rage masa kwana.

Makunni kuma iri uku ne a kasuwa. Sabo na asali shi ne mafi kyau, in an samu, in aljihu ya ɗauka. Na Beljiyam da aka ciro daga wata mota yakan fi sabon kwaikwayo ingancin tagulla, sai dai shi ma ya sha aiki. Duba filoginsa, in akwai alamar ƙuna ko narkewa ajiye shi. Sabon kwaikwayo ya fi araha, bakinsa siriri ne, ba ya jure nauyin ƙwai biyu na dogon lokaci. Kowanne za ka saya, tafi da tsohon a hannu. Ƙirga ƙafafun filogi, ka kuma duba ɓangaren da sandar sigina take, don na motar da sitiyarinta ke dama yakan zo a juye. Wani lokacin ma ba sai an saya ba: mai rewaya ya buɗe shi, ya goge bakin da lallausar sanfefa, ya ci gaba da aiki.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne ƙarin rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful. Da su, wuta za ta taso daga batir kai tsaye zuwa ƙwai, makunni kuma aikinsa ya koma taɓa rile kawai, abin da bai kai rubu'in amfiya ba. Ko makunnin kwaikwayo ne sai ya daɗe. Kayan ba su da yawa: rile biyu masu amfiya 30 ko 40, fis mai amfiya 15 ko 20 ga kowanne, a ɗaura shi kusa da batir, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da soket biyu na tangaran maimakon na roba. Lambobin na rubuce a gindin rilen: 30 daga batir, 87 zuwa ƙwai, 85 da 86 su karɓi umarni daga tsohon soket. Ƙafa ta uku ta kowane ƙwai a ɗaure ta da jikin mota a wurin da aka kankare fenti.

Ana sayar da wannan haɗi a shirye. Kankare bakin wayar ka gani kafin ka biya, domin wasu alminiyam ne aka shafa wa tagulla, roba kauri waya ƙanƙanuwa. Sannan ka tabbatar an yi shi don tsarin Toyota. In aka ɗauko wanda aka tsara don motar da makunninta ke ba da wuta maimakon mayar da ita, sai ka ga dim da ful sun kama tare, ko fitila ta ƙi kamawa sam. Akwai ɗan cikas guda: shuɗiyar alamar ful da ke dashbod a wasu tsofaffin Hilux ta cikin zaren dim take samun wutarta, saboda haka tana iya daina ci bayan an sa rile. Mai rewaya da ya san motar zai gyara wannan da ƙaramin rasista.

Ƙwan LED na jan wuta kaɗan, kuma ta wannan fuska yana hutar da makunni. Amma madubin tsohuwar fitila an ƙera shi ne don zaren halojin da ke zaune a wuri guda. LED mai araha warwatsa haske yake yi, ya kashe wa mai tahowa ido, kai kuma ba ka hango nesa ba. Da yawansu ba sa ma kamawa a tsarin Toyota sai an juya waya, kuma mai fanka a baya ƙura ce ajalinsa a hanyar karkara. In dole sai shi, ɗauki wanda ƙwayoyinsa ke daidai inda zaren H4 yake, a gwada shi a jikin bango kafin ka biya.

Idan madubin ciki ya dushe ko ruwa ya shiga, ba ƙwan da zai cece shi, sai a canza gidan fitilar gaba ɗaya. A nan ka lura da gilashin. Nijeriya da Nijar hannun dama ake tuƙi, fitilar da aka yi wa Japan, Ingila ko Tailan kuwa haskenta hagu yake ɗagawa, daidai fuskar mai tahowa. Duba kusa da haruffan HC ko HCR: kibiya mai kai ɗaya na nufin ta masu tuƙi a hagu ce, bar ta. Marar kibiya ko mai kai biyu ita ce tamu. Bayan an ɗaura, tsaya mita 10 daga bango a shimfiɗaɗɗen wuri, layin dim ya sauka santimita 10 zuwa 15 ƙasa da tsayin fitilar. In motar ta saba ɗaukar buhuna, saita ta da kaya a bayanta, don nauyi na ɗaga mata hanci.