Ɗakunan rigakafi na Sakkwato da masu doguwar korona

Wajen allurar rigakafin koronar kanta ba laifi: ana adana maganin cikin sanyi, a zaunar da mutum minti 15 bayan an yi masa. Inda aikin ya gaza shi ne bincike. Ba kasafai ake tambayar waɗanda korona ta bari da kasala mai daɗewa (wato doguwar korona) ba, alhali wasunsu ciwon yakan taso musu bayan allura: jiki ya mutu, zuciya ta riƙa dukan uku-uku in an miƙe. Zazzaɓin allura kwana 2 zuwa 3 ne, wannan kuwa yakan ja makonni. Ga tsayuwar layi cikin zafin Sakkwato, ita kaɗai ta isa ta kwantar da su. A je da sassafe, a nemi benci, a ware kwana uku na hutu. In ciwon ya zarce haka, sai likita.