Kafin ka sayi sirdin keke, leƙa ƙarƙashinsa

Mai zama a miƙe kan keke, irin zaman da ake yi a Raleigh ko Phoenix, kusan duk nauyinsa kan ƙasusuwan mazaunai yake sauka. Don haka siririn sirdin keken tsere ba naka ba ne, komai kyansa. Don mai duƙawa aka yi shi. Kai mai faɗi za ka nema, ko na soso ko na fata mai sifirin.

Na soso ya fi araha, kuma in ka danna shi da yatsa a shago sai ya burge ka. Zuwa kasuwa da dawowa ya wadatar. Amma in tafiya ta yi nisa, ƙashi ya nutse, soson ya taso ya danne tsakiya, ga zufa. Na fata, irin Brooks B67 na Ingila, da tauri yake farawa, sai an yi makonni kafin ya saba da jikin mai shi. Akwai tsada, kuma ba ya shiri da ruwan sama. Duk da haka, mai yini kan keke shi nake so ya saya.

Abin da ya fi damuna shi ne maƙalin da ke riƙe sirdin, wanda ba mai dubawa. Sau da yawa ciwon da ake ɗora wa sirdi, karkata ce kawai. In hancin sirdin, wato siririn gabansa, ya sunkuya, sai ka riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma wuyan hannu. In ya ɗaga da yawa, gaba ya yi sanyi kamar ba jini. Tsohon maƙali mai noti da haƙora tsalle yake yi: haƙori ɗaya ya yi ƙasa, na gaba ya yi sama, tsakiyar da kake nema babu ita. Mai kusoshi biyu kuwa, ka sassauta na baya ka ɗaure na gaba, hancin ya sauka daidai yadda kake so. Shi ya cancanci ƙarin kuɗin.

Fara da sirdi a kwance sak. Ɗora katako a kai, ka aza ma'aunin ruwa na magina. Na soso ka bar shi haka. Na fata yakan so a ɗan ɗaga hancinsa. Gyara kaɗan, hau kwana biyu, sannan ka sake taɓawa.

In za ka sauya ƙarfen da sirdin ke zaune a kai, wanda ke shiga jikin keken, ka sani kaurin irin waɗannan ƙarafan ba ɗaya ba ne, akwai milimita 25.4, akwai 27.2. Zare tsohon ka tafi da shi shago.