Shekara huɗu da Volkswagen Phaeton, motar da kowa ke ɗauka Passat ce

Ranar da na kawo ta gida, maƙwabcina ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa but ɗin da bayan yatsa, ya ce, "Maigida, wannan Passat ɗin taka ta ci ta ƙoshi." Ban gyara masa ba. Yau shekara huɗu ke nan, kuma har yanzu a wurinsa Passat ce. Da farko abin dariya yake ba ni. Sai daga baya na gane cewa wannan kuskuren, idan ya fito daga bakin bakanike, shi ne abu mafi tsada a motar.

Tawa ƙirar 2005 ce, baƙa, mai injin V8 lita 4.2, giya shida mai canza kanta, kuma duk tayoyin huɗu ke ja. Ta hannu na saye ta, ta riga ta ci kilomita kusan 160,000, a kan kuɗin da wata ƙaramar mota sabuwa ma ba za ta kalle ka ba. Abin da ya ja ni ke nan, ba zan ɓoye ba. Ferdinand Piëch, wanda ke shugabantar Volkswagen a lokacin da aka tsara ta, shi ya dage sai kamfanin ya yi motar da za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Mercedes S-Class. Har masana'anta ta musamman aka gina mata a birnin Dresden na Jamus, mai bangon gilashi, ana haɗa ta da hannu mutane na kallo. An fara ƙera ta a 2002, aka daina a 2016, kuma duk tsawon shekarun nan abin da aka yi bai wuce 84,000 da 'yan kai ba. A Amurka ma tun 2006 aka janye ta, don masu kuɗin ba su yarda su biya kuɗin Marsandi a kan tambarin motar talakawa ba. Ƙashin bayanta kuwa ɗaya ne da na Bentley Continental GT. Wanda ya san wannan, in ya ga yadda darajarta ta faɗi warwas, dole yawunsa ya tsinke.

Abin da na fi so a cikinta ba gudu ba ne, iska ce. Cikin sharuɗɗan da Piëch ya gindaya wa injiniyoyinsa akwai cewa mai babban injin W12 ta iya yini tana gudun kilomita 300 a awa, zafin waje yana digiri 50, amma cikinta ya tsaya a kan 22. Ban taɓa kusantar wannan gudun ba, kuma ma an ɗaure ta a kan 250. Amma na ga amfanin sharaɗin. Idan ka shiga da rana ta gasa ta, wasu murafan katako a jikin dashbod sukan ɗaga da kansu, ƙofofin iska su bayyana, su yi ta huci na 'yan mintuna. Da zarar sanyi ya kama, sai murafan su sauko a hankali su rufe, katakon ya koma sumul kamar ba a taɓa huda shi ba. Daga nan sanyin ta wasu ƙananan ramuka yake sulalowa, ba ka jin yana bugun fuskarka, ba ka jin ƙara. Kujeru huɗu, kowa da nasa ma'aunin. Uwargida, wadda iyakwandishan ke sa wa mura a kowace mota, a wannan barci take yi. Ƙofa kuwa in ka rufe, sai ka ji kamar an toshe maka kunne da auduga. Nauyinta ya haura tan biyu, kuma a kan iska take zaune, ba a kan sifirin na ƙarfe ba, don haka ramin da zai sa wata mota ta yi tsalle, ita sai ta haɗiye shi ka ji ɗan "dum" daga nesa.

To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wata na uku, na wayi gari dashbod ya cika da fitilun gargaɗi, na burki, na shokozoba, na fitila, har da waɗanda ban san ma'anarsu ba. Na kai ta wurin wani mai wayarin da aka yaba mini. Ya leƙa tambarin, ya ce, "Yallaɓai kwantar da hankalinka, irin waɗannan kullum muna yi." Kwana biyu yana kwance-kwance, ya ce birenbos ne, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Allah ya sa ban saya ba. Ashe motar batir biyu gare ta, duka a cikin but: na dama don tayar da inji kawai, na hagu shi ke ciyar da kwamfutocin da ke cikinta, waɗanda sun fi ƙarfin yatsun hannu. Na hagun ne ya tsufa. Motar tana tashi lafiya lau saboda na dama garau yake, shi ya sa ba wanda ya zargi batir, amma da wuta ta ɗan ragu sai kowace kwamfuta ta fara kukan ƙarya. Mai wayarin bai ma san akwai na biyu ba. Na sa sabo irin wanda littafinta ya ce, aka goge kurakuran, shiru kake ji.

Tun daga ranar na sayi wayar VCDS da ake jona wa kwamfutar tafi-da-gidanka, na koyi karanta lambobin kurakuran motar da kaina. Ba don na zama bakanike ba, don dai kada a yi mini wasa da hankali.

Matsala ta biyu kuwa, laifin na raba shi ni da mai faci. Kafin a ɗaga motar da jak, akwai maɓallan da ake dannewa a gaya mata ta daina daidaita tsayinta. In ba haka ba, da ta ji gefe ɗaya ya tashi sai ta yi ta sakin iska tana neman gyara zama. Ni na manta, shi kuma bai sani ba. Da aka sauke ta sai ta durƙusa ta gaba kamar raƙumi. Ta miƙe daga baya, amma robar jakar iskar da ma ta kusa shekara ashirin, ba a yi wata biyu ba ta fara yoyo: in ajiye ta da dare a miƙe, da safe in tarar hancinta na shinshinar ƙasa. Na canza na gaba duka biyun, don ɗaya in ta tafi 'yar uwarta na hanya, kuma in ka yi jinkiri famfon da ke hura su ne zai ƙone don wahala. Sati biyar na jira kayan.

Jiran nan shi ne ainihin harajin mota mai wuyar samu. Kayan inji da sauƙi, don V8 ɗin dangin na Audi ne na wancan zamani: fulogi, tace mai, famfon ruwa, duk ana samu. Taimin bel ma akwai, sai dai aikin ne babba, sai an zare bamba an jawo gaban motar kafin hannu ya kai. Na sa aka yi tun a watan farko, don wanda ya sayar mini ya kasa nuna takardar ranar da aka canza, kuma in ya tsinke injin ne gaba ɗaya. Amma fitilar gaba, gilashin ƙofa, ko wani ɗan ƙaramin moto na cikin dashbod, waɗannan ba motar da za ka ciro wa. Sai ka bi lambar kayan a intanet, ka sami wanda ya kwance tasa a wata ƙasa, ka yi addu'a hoton da ya sa gaskiya ne.

Ruwa kuma shi ne abokin gabarta na ɓoye. Akwai magudanai a ƙasan gilashin gaba da kewayen rufin da ke buɗewa. Ganye da ƙura in sun toshe su, ruwan sama sai ya bi ta ciki ya kwanta ƙarƙashin kafet na gaba, inda akwatin da ke gane makulli yake. Da na ɗaga kafet ɗin tawa na tarar da soso jiƙe sharkaf, mai ita na da bai taɓa leƙawa ba. Na tsallake rijiya da baya. Yanzu kafin damina nakan bi magudanan da siririyar waya mai laushi, aikin minti ashirin.

Mai fa? Tankinta lita 90 ne, kuma a cunkoson cikin gari kana iya ganin allurar tana sauka. A doguwar hanya tana da ɗan kunya.

Masu tambayata ko su saya, ga abin da nake ce musu. In ita ce za ta zama motarka tilo, wadda yara za su jira da safe, ka haƙura. In kuɗin sayen ne kaɗai a hannunka, ka haƙura. In kuma so kake a gan ka, nan ma ka yi asara, don mai gadi ma ba ya miƙewa in ta shigo. Amma in kana da wata ƙaramar da za ka hau ranar da wannan ta yi fushi, ka nemi wadda ke da takardun sabis, ka je ganinta da sassafe kafin a tayar da ita don ka ga ko ta kwana a miƙe, ka taɓa kafet, ka duba ƙasan ƙofofi ko fenti ya fara ƙuraje, ka buɗe but ka rufe sau uku don wayoyin murfin kan karye da tsufa.

Bakaniken da nake kai wa yanzu dattijo ne, ba ya gaggawa. Ranar farko bai taɓa sifana ba sai da ya zauna ya karanta littafinta, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ba Passat ba ce." A nan na miƙa masa makulli. A halin yanzu murfin iska na tsakiya ya maƙale a buɗe, moton da ke ɗaga shi ya gaji. Na samo wani, yana hanya, yau sati uku.