Manhajar da ta koya wa ɗiyata mayar da zance lissafi

Wata uku ke nan da na sauke wata manhajar koyon aljebra a wayata saboda ɗiyata. Ka rubuta wa yarinyar 2x + 5 = 17, nan take za ta ce maka 6. Amma da zarar tambaya ta zo a zance, sai ta yi tsuru tana cizon biro.

Abin da ya fi burge ni, manhajar ba ta barin yaro ya taɓa lamba sai ya faɗi abin da ake nema. Ga wata tambaya da muka yi tare: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, in an haɗa su 48 ne. A da, ɗiyata raba 48 gida uku za ta yi ta ce 16, don kawai ta ga kalmar uku. Yanzu takan sa wa shekarun ɗan x, na uban 3x, ta rubuta x + 3x = 48. Ɗa 12, uba 36. Daga nan manhajar ta sa ta mayar da amsar cikin zancen, ta ga ko ta zauna.

Akwai kuma hoton sikeli mai kwano biyu, kowane kwano ɗauke da ɓangare ɗaya na lissafin. Ka ɗebe 5 a hagu ka bar dama, sai ya karkace a gabanka. Na gaya wa ɗiyata cewa masanin lissafi al-Khwarizmi, wanda ya yi rubutunsa a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga kalmarsa ta al-jabr aka samo aljebra, da kalmomi zalla yake lissafinsa, abin da ba a sani ba kuwa “abu” yake ce masa. Tun ranar ta daina tsoron x.

Inda manhajar ta gaza ya dame ni ƙwarai. Akwai maɓallin ɗaukar hoton tambaya da ke zubo amsa gaba ɗaya, kuma na rasa yadda ake kashe shi. Sau biyu ina kama ta tana kwafa. Sannan da aka ce “lambar da ta gaza x da 5”, ta rubuta 5 − x, manhajar ja kawai ta nuna, ba bayani. Sai da na zauna na ce mata, “Ɗauka x 20 ce, wace lamba ta gaza ta da 5?” Ta ce 15, ta gyara da kanta: x − 5.

Har yanzu muna amfani da ita, minti 20 kullum, amma ina zaune gefenta, kuma sai ta fara rubutawa a takarda kafin na miƙa mata wayar.