Rumbun NASA na duniyoyin wasu taurari: kyauta ne, amma sai da haƙuri

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma shafin NASA Exoplanet Archive ya zame mini wurin zuwa duk lokacin da ɗalibi ya ce, "Malam, wai da gaske akwai duniyoyi da ke zagaya wasu taurari ban da rana tamu?" Cibiyar da ke jami'ar Caltech a Amurka ce ke kula da shi. Ba a biyan ko kwabo, ba kuma sai ka yi rajista ba. Tun watan Maris na 2022 duniyoyin da aka tabbatar a ciki suka haura 5,000.

Kowace duniya an rubuta yadda aka gano ta. Mafi yawa ta hanyar dusashewar hasken tauraro ne idan duniya ta gifta gabansa, aikin Kepler da TESS, na'urorin hangen nesa da NASA ta harba sararin samaniya. Duniya mai girman Mushtari, wadda ta fi girma cikin masu zagaya ranarmu, kan rage hasken tauraro irin rana da kusan kashi 1 cikin 100 kacal. Wasu kuma ta girgizar da duniya ke sa tauraronta ya yi aka kama su, kamar 51 Pegasi b da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano a 1995, wadda ke kammala zagayenta cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne layin da ke cikin teburin shafin mai nuna yawan ƙarfen da ke jikin tauraro. Sifili yana nufin daidai da rana, 0.3 kuma ninki biyu. Ka tace manyan duniyoyin iskar gas, sai ka ga sun fi taruwa wajen taurari masu ƙarfe da yawa. Debra Fischer da Jeff Valenti sun nuna haka a 2005: ƙarfe ya ninka biyu, damar samun babbar duniya ta kusan ninka huɗu. Dalilin da aka fi karɓa shi ne idan ƙarfe ya yi yawa, ƙura da duwatsu kan wadata a kewayen sabon tauraro, sai ƙwayar duniya ta yi saurin girma ta janyo gas kafin ya watse. Ƙananan duniyoyi kuwa ba su da wannan zaɓe sosai.

Shawarata, a buɗe shi a kwamfuta, domin teburin yana da faɗi ƙwarai. A zaɓi teburin da ke ba kowace duniya layi ɗaya, ɗayan yana maimaita duniya gwargwadon binciken da aka yi a kanta. Komai da Turanci yake, don haka nakan sauke bayanan in zana wa yara jadawalin a allo da kaina.